Taimako: LED ɗina yana kyarkyarwa maimakon ya riƙa ƙiftawa duk sakan ɗaya

Ɗan_Fagge:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu Arduino ku zo ku cece ni, kwana biyu kenan ina fama. Bod ɗin Arduino Uno nake amfani da shi, ina so fitilar LED ta fin (pin) 13 ta riƙa kunnuwa sakan ɗaya ta mutu sakan ɗaya amma ba da delay (umarnin jira) ba, saboda duk sanda na sa delay sai komai ya tsaya cak, ko na danna maɓalli ba ya ji sai ya gama baccinsa. Sai aka ce in gwada intarof na Timer1, wato taimar cikin cif ɗin ta riƙa katse shirin in lokaci ya cika. Lissafin da na yi: agogon 16 MHz ne, na raba da 1024 ya ba ni 15625, na sa OCR1A (lambar da taimar za ta ƙirga zuwa) = 15624, a rijistar saiti ta TCCR1B na kunna bit ɗin WGM12 da CS12 da CS10, a TIMSK1 na kunna OCIE1A mai ba intarof ɗin izini, cikin ISR (lambar da ke gudana in intarof ya zo) kuma juya fitilar kawai nake yi. To wallahi maimakon ƙiftawa sai kyarkyarwa take yi da sauri kamar fulorasen ɗin da ta kusa mutuwa. Ko bod ɗin ne jabu? don mai araha ne na saya, irin mai CH340 ɗin nan.

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam. Ƙanena bar bod ɗin nan ya huta, ba shi da laifi, CH340 aikinsa USB ne kawai, cif ɗin dai ATmega328P ne. Lissafinka ma daidai ne. Amma ban ga ka ambaci TCCR1A, ɗaya rijistar saitin Timer1, ba, kuma ina kyautata zaton nan gizo ke saƙar. Kafin setup ɗinka (sashen da ke gudana sau ɗaya a farko) ya fara, Arduino ya riga ya taɓa Timer1 ya shirya shi don analogWrite (umarnin fitar da PWM, wato kunna-kashe da sauri), ya bar WGM10 a kunne cikin TCCR1A. Kai kuma ka zo ka ƙara WGM12 a kai, haɗuwarsu ba CTC (yanayin da taimar ke komawa sifili in ta kai OCR1A) take bayarwa ba, PWM mai sauri na bit 8 ne, wato taimar tana ƙirga zuwa 255 ta koma sifili. Raba 15625 da 256 ka gani, wajen sau 61 a sakan ake kiran ISR ɗinka, fitilar na kunnuwa ta mutu kusan sau 30 a sakan. Kyarkyarwar da kake gani kenan. Sa TCCR1A = 0 ka dawo ka ba mu labari.

Ɗan_Fagge:
Yaya Bala na sa, a ƙarshen setup na ƙara shi. Yanzu kyarkyarwar ta daina amma fitilar tana kunne ɗin-ɗin-ɗin, ta ɗan dusashe dai. Kaina ya kulle gaskiya.

Injiniya_Bala:
Hhh a ƙarshe ka sa ai, a farko ake sawa. Lokacin da ka rubuta 15624 taimar tana cikin yanayin bit 8 tukuna, a wannan yanayin kuma cif ɗin yana zubar da bit ɗin sama na duk abin da aka rubuta a OCR1A. 15624 a heks 0x3D08 ne, sai ya yar da 3D ya riƙe 08, to yanzu ka koma CTC da 8 a ciki, intarof sama da 1700 a sakan, ina ido zai ga wannan. Jera su haka: kashe intarof da cli, TCCR1A = 0, TCCR1B = 0, TCNT1 = 0, sannan OCR1A, sannan WGM12 da mai raba agogon, sai OCIE1A, ka ƙarasa da sei don sake kunna intarof. Ni ma wannan abin ya taɓa cinye min dare guda, har na ciro cif na canza wani a banza.

Hauwa_Kod:
Ni tambayata malam, dole ne sai intarof? In dai fitila ce da maɓalli, millis (mai ƙirga milisakan) ya isar maka, ka riƙa duba ko milisakan 1000 sun cika a cikin loop shi kenan, layi biyar. Amma in koyo kake yi to ci gaba, yana da kyau mutum ya san abin da ke ƙarƙashi. Abu biyu dai: kar ka kuskura ka sa delay ko Serial.print cikin ISR, delay ya dogara da intarof na Timer0 ne, shi kuwa ba ya samun shiga muddin kana cikin naka ISR ɗin, sai ka ga abu ya sandare ka rasa dalili. Sannan duk wani variable (ma'ajin bayani) da ISR da loop suke rabawa ka sa masa kalmar volatile, in ba haka ba kompaila zai ɗauka ba ya canzawa ya yi ta karanta tsohon. Af, kuma tunda ka karɓe Timer1 ka manta da analogWrite a fin 9 da 10, laburaren Servo (mai sarrafa injin servo) ma Timer1 yake hawa, za su yi faɗa.

Ɗan_Fagge:
Alhamdulillah ta yi!! Na mayar da su sama kamar yadda Yaya Bala ya jera, tana ƙiftawa daidai, na gwada da agogon waya minti biyu ban ga ta kauce ba, maɓallin ma yana ji nan take. Allah ya ƙara basira. Anti Hauwa koyo nake yi, so nake daga baya in riƙa karanta sensa duk milisakan 10 ba tare da lokacin ya riƙa gocewa ba. Amma kin tsorata ni da maganar Servo don akwai shi a aikin, in koma Timer2 kenan?

Hauwa_Kod:
Eh koma Timer2, sai dai bit 8 ce, 255 ne iyakarta, ko da 1024 ba ta wuce milisakan 16 da ɗoriya. Ka raba da 128, OCR2A = 124, zai ba ka milisakan 1 cif, sai ka ƙirga goma a cikin ISR. Kuma ka sani tone (umarnin fitar da sauti) ba zai yi aiki ba, don ita yake amfani da ita.