Wanene Nimitz ɗin da aka sa wa jirgin yaƙin Amurka sunansa?

Sadiqu:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah ina da tambaya, jiya na ga bidiyon wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi na Amurka wanda jiragen sama ke tashi da sauka a kansa, wai sunansa USS Nimitz. Na ga sauran ire-irensa yawanci sunan shugabannin ƙasa ne, su Lincoln da Washington da Reagan, to shi wannan Nimitz ɗin waye shi, me yayi har aka bashi wannan girman? Kuma da gaske ne jirgin baya shan mai?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Chester Nimitz ba shugaban ƙasa bane, hafsan sojan ruwa ne, shi ya jagoranci rundunar ruwan Amurka a tekun Fasifik lokacin yaƙin duniya na biyu. An haife shi 1885 a Fredericksburg ta jihar Texas, garin da babu teku ko kusa, mahaifinsa ma ya rasu kafin a haife shi, kakansa wanda yayi aikin jirgin ruwa a Jamus shi ya zame masa uba. Makarantar sojan ƙasa ta West Point ya so shiga, bai samu gurbi ba sai ya tafi ta sojan ruwa a Annapolis ya gama 1905.

Abin da yafi tsaya min a rai a tarihinsa shine 1908. Yana ɗan shekara 23 yana jagorantar wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Decatur a Filifin, ya je ya kafe shi a cikin laka, aka kai shi kotun soja aka same shi da laifin sakaci aka rubuta masa takardar gargaɗi. Da a nan aka sallame shi shikenan ba wanda zai san sunansa. Amma aka barshi, aka tura shi jiragen ƙarƙashin teku wanda a lokacin ba aikin da hafsoshi ke rububi bane, shi kuwa ya duƙufa har ya zama gwani, 1913 aka aika shi Jamus koyon injin dizal. Injin ma sai da ya ci masa wani ɓangare na yatsa, zoben makarantarsu da ke hannunsa ne ya cije a cikin injin ya tsayar da shi.

To bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawaii, a 7 ga Disamba 1941 shugaba Roosevelt ya tura shi ya karɓi rundunar, ya karɓa ranar 31 ga Disamba a kan wani jirgin ƙarƙashin teku. Hafsoshin da suka yi aiki da wanda aka sauke, Admiral Kimmel, duk sun sa rai za a watsa su, sai ya ce su zauna yana buƙatarsu. A ganina wanda aka taɓa yi wa uzuri shi ya san darajarsa, kuma mutanen nan basu bashi kunya ba.

Ummu Khalil:
Malam Habu ka bar Midway a baya, ai nan ne sunansa ya fito. Masu fasa saƙonnin sirri ƙarƙashin Joseph Rochefort sun gano Japanawa zasu kai hari wani wuri da suke kira AF, a Washington ba a gamsu cewa tsibirin Midway bane. Sai aka ce wa sojojin Midway su aika saƙo a fili cewa injin tace ruwan shansu ya lalace, ba a jima ba aka kama saƙon Japanawa suna cewa AF na fama da ƙarancin ruwa, kunga magana ta ƙare. Nimitz ya yarda da mutanensa ya tura jiragen dakon jiragen sama uku da yake dasu, har da Yorktown wanda ya dawo da rauni daga yaƙin Coral Sea aka yi masa gyaran gaggawa cikin kamar kwana uku. A watan Yuni 1942 Japan ta rasa irin waɗannan jiragen guda huɗu, Amurka ta rasa Yorktown. Disamba 1944 Nimitz ya samu muƙamin hafsa mai tauraro biyar, kuma shi ya sa hannu a madadin Amurka ranar 2 ga Satumba 1945 a kan jirgin Missouri da Japan ta miƙa wuya.

Injiniya Tanimu:
Maganar mai kuma Sadiqu, gaskiya ne amma da sauran bayani. Tukunyar nukiliya biyu gare shi, suna tafasa ruwa tururin ya juya farfela huɗu, yana yin sama da shekara 20 kafin a sake masa makamashi, an yi masa hakan daga 1998 zuwa 2001. Amma jiragen saman da ke kansa suna shan mai sosai, ga abincin mutum wajen dubu biyar, dole wasu jiragen su riƙa kawo kaya a tsakiyar teku. Tsawonsa mita 333, nauyi kusan tan dubu 100. An ƙera shi a Newport News ta jihar Virginia, aka fara 1968, yar Nimitz, Catherine, ta raɗa masa suna 1972, ya shiga aiki 3 ga Mayu 1975, shi mai sunan ya rasu tun 1966 bai ganshi ba. Filin samansa baya isar jirgin sama ya ɗau gudu da kansa shi yasa ake maƙala ƙafarsa ta gaba a wata majaujawa mai aiki da tururi ta cilla shi cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, wajen sauka kuma akwai ƙugiya a wutsiyarsa da ke cafke wayar ƙarfe da aka gitta. Guda goma aka yi irin wannan jirgin ruwan, dukkansu ana ce musu ajin Nimitz.

Baba Alhassan:
Yarana duk abin da kuka faɗa haka yake, amma kar girman ƙarfe ya mantar damu aikin da aka yi shi dominsa. Daga kansa jirage masu saukar ungulu takwas suka tashi a Afrilu 1980 don kwato Amurkawan da aka tsare a Tehran, aikin ya rushe a hamada sojoji takwas suka mutu. 1981 jiragensa suka harbo na Libiya biyu a gaɓar Sidra zamanin Gaddafi, a shekarar kuma wani jirgi ya faɗi a kansa wajen sauka mutum 14 suka rasu. Ya je yaƙin Iraƙi ma a 2003. Shi Nimitz ɗin ina ganin mutuncinsa ta wani waje, a shari'ar Nuremberg da aka yi wa manyan Jamus bayan yaƙin duniya na biyu ya bada shaida a rubuce cewa Amurka ma ta riƙa nutsar da jiragen kasuwancin Japan ba gargaɗi, laifin da ake tuhumar Admiral Dönitz na Jamus dashi, bai ɓoye ba duk da abokin gabarsu zai amfana.

Sadiqu:
Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Baba ban taɓa jin zancen shaidar nan ba, to shi Dönitz ɗin sakinsa aka yi?

Baba Alhassan:
A'a ɗana, shekara goma aka yanke masa, ya yi su a kurkukun Spandau a Berlin ya fito 1956. Sai dai kotun ta ce bata sa batun nutsar da jiragen kasuwanci ba gargaɗi a lissafin hukuncinsa ba, kuma ta ambaci shaidar Nimitz cikin dalilanta.