An ba ni hedimasta amma kullum ji nake kujerar ta fi ƙarfina

Malamin_Lissafi:
Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Farkon zangon nan mai makarantar da nake koyarwa ya naɗa ni hedimasta, alhali akwai malaman da sun girme ni nesa ba kusa ba, ɗaya ma ita ta koyar da ƙanwata. Tun ranar ban samu sukuni ba wlh. In na yi magana a mitin aka yi tsit sai in ce shi ke nan sun raina ni, in wani uba ya zo da ƙorafi kan kuɗin jarrabawa sai in kwana ina lissafin yadda za a sallame ni, har jadawalin darussa na kasa fitarwa ina ta rubutawa ina gogewa kar a ga kuskure. Waswasi ne wannan ko da gaske ban cancanta ba?

Anti_Nas:
Ƙanina ai ba kai kaɗai ba ne. Tun 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu kan mata masu ilimi da muƙami waɗanda ke jin sa'a ce kawai ta kai su, kuma wata rana asirinsu zai tonu. Kafin su wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Aaron Beck ya lura marasa lafiyarsa na da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu kai tsaye su kuma su ɗauke su gaskiya. Naka guda biyu na gani ƙarara, karanta zuciyar mutane da kuma hango masifa tun ba ta zo ba. Samu ɗan littafi, duk lokacin da tunanin ya zo rubuta shi, a gefe ka rubuta hujjarka. "Sun raina ni", to wa ya faɗa? Ƙila yunwa ce ta sa su shiru, mitin bayan an tashi ƙarfe biyu wa ke da bakin magana.

Baba_Malam:
Yaro, Sayyadina Abubakar da aka yi masa mubaya'a cewa ya yi an ɗora ni a kanku alhali ba ni ne mafificinku ba, in na yi daidai ku taimake ni, in na karkace ku miƙar da ni. Kuma bai ajiye aikin ba. A Ali Imrana aya ta 159 an ce ka yi shawara da su, in ka ƙudurta ka dogara ga Allah. Kai ka tsaya a tsakiya, ba shawarar ba ƙudurin. Je ka gaida malamar nan, ka nuna mata jadawalin.

DanKasuwa:
Ni dai gsky ban yarda duka waswasi ba ne. Wani lokacin tsoron na gaya maka akwai abin da ba ka iya ba, kuma koyar da lissafi daban riƙe manya daban. Na taɓa aiki ƙarƙashin wani oga da bai taɓa shakkar kansa ba ko sau ɗaya, mu muka sha wuya. Amma jadawali kam fitar da shi gobe ko da kuskure, yara na zaune ba darasi kai kana neman wanda ba a taɓa yi ba.

Malamin_Lissafi:
Na gode ƙwarai. Baba zan je wajenta in sha Allah. Anti, littafin nan kullum ake rubutawa ko sai abin ya taso?