Mu samo wa "karantina" sunan da ba zai kori mutane ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Makka da Jidda da Madina, da duk wanda wannan magana ta isa gare shi. Kalma ɗaya nake nema. Larabawan nan suna cewa hajar sihhi, Turawa suna cewa kwarantin. Ana nufin mutumin da ya yi cuɗanya da mai cuta mai yaɗuwa, shi bai kwanta ba, amma aka ce ya zauna wuri guda na wasu kwanaki a ga ko cutar za ta bayyana a jikinsa. Na san za a ce mini ai muna da "killacewa", ita gidajen rediyo suka yi ta faɗa a 2020. Ni ma da ita na yi aiki. Abin da na ga ta jawo a hoshinmu, wato gidan da muke zaune mu da yawa, shi ya hana ni sakewa da ita har yau. Wasu 'yan'uwa a wannan zaure sun riga sun kawo shawarwarinsu, zan amsa musu a ƙasa.

Waɗanda suke Makka a lokacin ba su manta ba. Ranar 30 ga Maris 2020 aka rufe Misfala da Ajyad da Nakkasa da Hosh Bakar da wasu unguwanni, ba shiga ba fita. Ranar 2 ga Afrilu dokar ta game Makka da Madina gaba ɗaya, dare da rana. Ni ne nake mayar da sanarwar hukuma zuwa Hausa, in ɗauki murya in tura a zauren WhatsApp na unguwa, domin iyayenmu da yawa suna jin Larabcin kasuwa amma na takarda yana yi musu nauyi. Na faɗa da bakina: "Duk wanda ya yi mu'amala da mai cutar za a killace shi kwana 14."

Ba a yi mako ba zazzaɓi ya kama wani maƙwabcinmu, cikin masu tura keken ɗawafi. Su shida ne a ɗaki ɗaya, banɗaki ɗaya, faranti ɗaya. Da aka zo tambayar wa da wa suka zauna da shi, sai kowa ya ce rabonsa da shi an kwana biyu. Mutanen da na gani da idona suna tsoma hannu a kwano guda da shi. Ɗaya daga cikinsu ma cikin dare ya sulale ta lungu ya koma wajen danginsa a wata unguwa, alhali ya san tarar karya dokar hana fita riyal 10,000 ce, kuɗin da bai taɓa riƙewa a dunƙule ba. Bayan komai ya lafa na tambaye shi dalili. Ya ce, "Yaya, kai fa ka ce killacewa. Ni da ba ni da iƙama, in aka killace ni ai daga nan sai tarhil." Wato tunda ba shi da takardar izinin zama, za a kore shi daga ƙasar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a wannan rana ta 30 ga Maris ɗin Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da baƙo, har da wanda takardunsa ba su cika ba. Na sa wannan a cikin saƙon. Amma a ƙarshe na sa shi, kunne kuwa ya riga ya toshe tun daga kalmar farko. Magana zarar bunu ce.

Ku duba kalmar da kyau. Me Bahaushe yake killacewa? Gona, fili, awaki. Mai killacewa kullum yana waje, abin da aka killace yana ciki, kuma ba a shawara da shi. Larabcin ma haka yake: hajar a wajen malaman fiƙihu shi ne a hana yaro ko wawa ko mahaukaci taɓa dukiyarsa. Duka biyun suna gaya wa mutum cewa ba a amince masa ba.

Malam na Madina, na ga shawararka cewa mu ɗauki "karantina" kawai, yadda muka ɗauki asibiti da iƙama da baƙala (kanti). Allah ya ƙara sani. Asalinta ma da daɗin ji: a 1377 birnin Ragusa, wanda yanzu ake kira Dubrovnik, ya fara tsayar da masu zuwa daga ƙasashen annoba kwana 30, daga baya mutanen Venis suka mayar da shi 40, kuma daga kalmarsu ta arba'in sunan ya fito. Sai dai Malam, mu nan kalmar ba baƙuwa ba ce, kuma ba ta zo mana da alheri ba. Bayan kwalarar da ta kashe dubban alhazai a 1865, aka kakkafa wuraren tsayar da mahajjata a Bahar Maliya, irin su tsibirin Kamaran da Ɗur ta Sina. Kakanninmu da suka taho ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan shekara da shekaru suna noma a hanya, sun tarar da irin wannan tsayarwa a Suwakin kafin su hau jirgin ruwa. A kudancin Jidda har yau akwai unguwar da ake kira Karantina, ga Mahjar kusa da ita, duk sunan abu ɗaya. In ka ce wa mutumin Jidda "an kai wane karantina", zai tambaye ka gidan wa ya sauka. In kuma tsoho ne da ya ji labarin a bakin ubansa, abin da zai tuna shi ne talakan alhaji da aka tsare a bakin teku guzurinsa yana ƙarewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Hajiya, "kulle" da kika kawo ba za ta yi ba. Ta riga ta zama sunan rufe gari baki ɗaya, kuma kin san yadda take sauka a kunnen magidanci.

Masu cewa "keɓewa" sun fi kusa, kuma ina ganin mu bar ta ga wanda aka tabbatar yana da cutar, abin da ake kira azal a asibitin nan. A nan ma zan so a riƙa haɗa ta da jinya, a ce "jinya a keɓe", saboda keɓewa ita kaɗai tana tuna wa mutane yadda ake ware kutare a bayan gari. Kunya na cikin manyan abubuwan da suka sa aka riƙa ɓoye ciwo. Na san gidan da suka fi tsoron a ga motar asibiti a ƙofarsu fiye da cutar kanta, don akwai 'yan mata a gidan da ake neman aurensu.

Malam ya kuma kawo hadisin Usama ɗan Zaidu, cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta ɓarke kuna ciki kada ku fita, da labarin Sayyidina Umar da ya juyo daga hanyar Sham ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wannan gaskiya ne, kuma na shaida ranar da limamin zawiyarmu ya faɗi haka da muryarsa an fi saurarawa fiye da saƙona goma. Mutum yana duba bakin da magana ta fito kafin ya duba maganar. Kuma abin da ya karya gardamar tsofaffinmu masu cewa ciwon Turawa ne ba takarda ba ce. Sun ga filin ɗawafi fayau, babu kowa sai masu shara. Sun ji ladan yana cewa a yi salla a gida. Sun ga Hajjin da ya tara kusan mutum miliyan 2.5 a 2019 ya koma bai kai 10,000 ba a 2020. Dokar da ba ta bar Harami ba, wa zai ce don a takura wa Takari, wato mu mutanen ƙasar Hausa mazauna nan, aka yi ta?

Da farko ni "zaman kariya" na kawo. Wata ƙanwata a nan ta ce, "Yaya, rubuta shi a waya ka gani." Na rubuta, na gane. Yawancinmu ba ma sa ƙugiya a harafi, harafi ɗaya ya faɗi ya zama "zaman karya", masu cewa korona ƙarya ce kuwa sun samu abin da suke nema. Na janye. "Zaman rigakafi" ma na duba, amma rigakafi yanzu allura ce a kunnen jama'a, kuma tun rikicin allurar shan inna na 2003 a Kano akwai waɗanda da jin kalmar sai su ɗaure fuska.

Wadda na tsaya a kanta ba ni na ƙirƙiro ta ba. A bakin wata tsohuwa na ji ta, wadda duk hoshin muke kira Inna. Cikin mutum biyar ɗin nan da suke ɗaki ɗaya da maƙwabcinmu mara lafiya akwai yaro ɗaya da ya yarda ya zauna. Aka share masa wani ɗan ɗaki a saman bene inda ake ajiye tarkace. Kullum bayan Magariba Inna za ta hau da kwanon tuwo da shayi a fulas, tana hutawa a kowane hawa saboda gwiwa, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta ja baya ta tsaya a matakala har sai ta ji ya ɗauka. Sannan ta ce, "Ɗan nan, yaya jikin? Ka ji wani abu?" Wata rana wata mata ta leƙo tana tambaya cikin raɗa ko gaskiya ne an killace yaron. Inna ta ce, "Wa ya killace shi? Sauraron jikinsa yake yi."

Sauraron jiki. Ku juya ta a baki. Saurarawa a Hausa tana ɗauke da abu biyu a lokaci guda, kasa kunne da dakatawa. In aka ce "a saurara tukuna", an ce a jira. In aka ce "ina sauraron jikina", kowa ya san ba kwance kake ba, ba kuma ka gama yarda da lafiyarka ba. To ainihin abin da likita yake nufi ke nan. Ƙwayar korona takan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin ta nuna kanta, galibi wajen kwana 5, kuma mutum na iya shafa wa wani tun bai fara tari ba. Daga nan aka samo kwana 14 ɗin. Ebola kuwa kwana 21 ne. Kalmar da kanta tana bayyana dalilin zaman, kuma na lura mutum ya fi jure dokar da ya san dalilinta da ranar ƙarewarta.

Na ƙara mata "zama" a gaba da gangan. A wajenmu kowane zama mai suna yana da adadin kwanaki, yana da ladabi, yana kuma da haƙƙi a kan maƙwabta. Mai zaman jego kwana arba'in take yi, ba wanda ya ce an tsare ta, kunun kanwa ake dama mata. Masu zaman makoki ba sa ɗora tukunya, kai musu ake yi. In muka ce wane yana zaman sauraron jiki, mun gaya wa unguwa cewa akwai kwanon da ya hau kanta.

Wannan haƙƙin shi ne wurin da nake so mu daɗe a kai, domin kada wani ya ɗauka ina cewa kalma za ta cika ciki. Tun 4 ga Maris 2020 aka dakatar da Umara, sai 4 ga Oktoba aka sake buɗewa, shi ma da mutum 6,000 a rana. Wata bakwai. Mai tura keke, mai wankin mota, iyayenmu mata masu kasa turare da tasbaha a bakin hanya, duk hannu baka hannu ƙwarya suke. Mutanen nan huɗu da suka ƙi zama ba jahilai ba ne, ba kuma marasa imani ba. Biyu a cikinsu suna da 'ya'ya a gida Najeriya da ke jiran abin da za a turo. Yaron da ya zauna ya zauna ne don akwai ɗakin da aka ba shi da tuwon da ke hawa bene. Da babu Inna, da shi ma ya sauko a kwana na uku.

Ɗan'uwa daga Sudan, kai da ka ce a Mai Wurno da Sinnar "hajar" kowa yake faɗa, don Allah ka gwada wannan a kunnen tsofaffinku ka dawo mana da abin da suka ce. Mai gyaran da ya ce "zaman sauraro" kaɗai zai yi kama da zaman kotu, na karɓa, shi ya sa "jiki" ba za ta fita ba. Maganar "takunkumi" da muke kiran kammama, wato abin rufe hanci da baki, da shi, alhali abin ɗaure bakin dabba ne, ita ma tana nan, za mu buɗe mata nata zaren.

Ga yadda zan faɗi saƙon nan in Allah ya sa aka sake buƙata, Allah kuma ya kiyaye: "Jama'a, magani kyauta ne ga kowa. Wanda ya zauna da mara lafiyan, muna roƙonsa ya yi zaman sauraron jiki na kwana kaza. In ya ji zazzaɓi ko tari ko numfashi ya yi masa nauyi, a kira 937. Abincinsa yana wuyanmu, gidan da zai kai na yau ya faɗa a nan kafin La'asar."