Jirgin ruwanmu zai tsaya wuni ɗaya a Istanbul, ya za mu yi da yara da Hajiya?

Maman Ilham (Gwarinpa):
Salamu alaikum yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san Turkiyya ku taimaka min. Maigida ya biya mana tafiya a jirgin ruwan nan na yawon buɗe ido, mu da yara da Hajiya mahaifiyarsa, to a cikin tafiyar akwai ranar da za a tsaya Istanbul daga safe zuwa yamma. Kamfanin jirgin na da nasu yawon da mai rakiya amma wlh kuɗin ya yi yawa idan aka lissafa kowa da kowa, shi ne nake tunanin ko mu fita da kanmu, sai dai Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ni kuma gaskiya kasuwa nake so in shiga.

Alhaji Sani Bauchi Road:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham ku fita da kanku, Istanbul ba irin garuruwan da tashar jirgi ke can bayan gari ba ne. Galataport, tashar da jirgin ruwan zai tsaya, a tsakiyar gari take, kuna fitowa ga tashar tiram (jirgin ƙasan cikin gari) ta Tophane nan kusa, ku sayi katin biyan kuɗin hawa, Istanbulkart, ku hau tiram ɗin layin T1, zai haye gadar Galata ya bi Eminonu ya sauke ku Sultanahmet. Ina zuwa saro kaya Laleli, wannan layin nake bi kullum. A Sultanahmet ga Masallacin Sultan Ahmed ga Aya Sofiya suna kallon juna, ita Aya Sofiya tun 2020 aka mayar da ita masallaci, sai ku yi azahar a ciki. Abinci kuma ba sai kin tsaya tambayar halal ba, a saya wa yara simit, burodin nan nasu mai kamar zobe da riɗi a jiki, su riƙe a hannu.

Ummu Khairat:
Ni dai in don Hajiya ne ku kai ta fadar Topkapi, akwai ɗakin da aka ajiye kayan tarihin Manzon Allah SAW da takubban sahabbai, ana karatun Alƙur'ani a wurin ba tsayawa, na ga dattawa na hawaye. Amma fa akwai tafiyar ƙasa sosai kuma daɓen dutse ne, ga layi, gara ku nemi keken guragu tun daga cikin jirgi kar ta ce a'a don kunya. Kuma ranar Talata a rufe take.

Baban Yusra (Kubwa):
Duk abin da suka faɗa daidai ne amma ba wanda ya yi maganar lokaci. Yaya, jirgin nan ba motar Jos ba ce da za a ce direba dakata akwai mutum ɗaya ya je fitsari. In da yawon kamfani kuka fita kuka makara za su jira ku, in da kanku ne tafiya za su yi, sai dai ku nemi hanyar cim musu a tasha ta gaba da kuɗin aljihunku. Lokacin da za su rubuta na komawa ciki ya kan riga na tashi da kamar minti 30, ku ɗau hotonsa a waya, ku bi agogon jirgi. Kuma da yamma kar ku yarda da tasi, go-slow ɗin garin ya fi na Nyanya. Masallaci da Topkapi sun ishe ku, kar a ƙara na uku. Maganar biza ma ku tambayi kamfanin su ba ku amsa a rubuce tun kuna Abuja.

Alhaji Sani Bauchi Road:
Af, wace rana ce ma? Babbar kasuwar, Grand Bazaar, ba ta ci ranar Lahadi.

Maman Ilham (Gwarinpa):
Innalillahi, na duba takardar yanzu, Lahadi ce. Maigida sai dariya yake wai Allah ya tsare masa aljihu.

Ummu Khairat:
Kar ya yi saurin murna, kasuwar kayan ƙamshi ta Eminonu na buɗewa ran Lahadi kuma a kan hanyarku ta komawa take. Ki sauka ke da babbar yarinyar, shi ya wuce da Hajiya jirgi.