Waɗanda suka kalli farkon Kamen Rider na 1971, ya kuka gan shi?

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa. Na fara kallon Kamen Rider na asali, wanda kamfanin Toei ya yi aka fara haskawa a Japan ran 3 ga Afrilu 1971. Wlh da na ɗauka irin Power Rangers ne da muka taso muna gani, ashe farkon nan kusan fim ɗin ban tsoro ne. Duk wanda ya kalla ya zo ya faɗa mana yadda ya ji.

Uwar Biyu:
Ni da yarana muka zauna, kashi na ɗaya ma ban ƙarasa da su ba. Wurin da mutumin gizo-gizo yake harbin mutum ya narke ya koma kumfa ƙaramar ta fara kuka, dole na kashe, sai da suka yi barci na ƙarasa. Abin da ya tsaya min a rai Ruriko ce, ta shigo ta tarar da Hongo, jarumin shirin, a kan mahaifinta Farfesa Midorikawa sai ta ɗauka shi ya kashe shi, alhali farfesan ne ya kuɓutar da shi daga hannun Shocker, ƙungiyar mugayen da ta mayar da jikinsa inji, kafin su taɓa ƙwaƙwalwarsa. An mayar da jikinka inji ba da yardarka ba, ga sharrin kisa a kanka, ga ba wanda za ka gaya wa. Gsky ya ban tausayi sosai.

Bakanike:
Ni babur ɗin Hongo mai suna Cyclone ne ya riƙe ni. Ku lura a farko Hongo ba ya wani ɗaga hannu, gudu yake a babur iska ta juya fankar da ke bel ɗinsa sannan ya rikiɗe. Kuma Hiroshi Fujioka, wanda ya fito a matsayin Hongo, da kansa yake shiga kayan ya yi faɗan, har ya faɗi da babur wajen ɗauka ya karya ƙafa, shi ya sa a kashi na 9 da 10 muryar wani ce aka ɗora masa. Ni na ji bambancin tun kafin in san dalili.

Ɗan Zongo:
Ku yi haƙuri ni fa farkon bai kama ni ba, hoton ya yi duhu labarin na jan ƙafa. Sai a kashi na 14 da sabon jarumi Hayato Ichimonji ya shigo yana juya hannu yana cewa henshin (wato rikiɗa) na fara jin daɗinsa, ƙannena har yanzu kwaikwayonsa suke a tsakar gida.

Ɗan Kurna:
Ɗan Zongo duhun nan ai shi ne daɗin. Koma kashi na 3 ka gani, mutumin kunama abokin Hongo ne tun da can, da hannunsa ya yaƙe shi. Mai labarin, Shotaro Ishinomori, jarumi ya ƙirƙiro wanda shi da dodannin da yake kashewa duk wuri ɗaya aka ƙera su, ni nan ne ya kama ni.

Uwar Biyu:
To Ɗan Zongo daga 14 ɗin yara za su iya kalla? Kashi 98 ne gaba ɗaya, in ya yi sauƙi daga nan zan sa musu ran Asabar.