Ƙwan ayu: a wane ruwa ake samunsa, kuma yaya ake gane na gaskiya?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Wasu masu maganin gargajiya suna nuna wani farin ƙwai da ya ɗan fi na agwagwa, su ce ƙwan ayu ne. Wai a gurbi mai zurfi ake saka shi inda 'yan ruwa ke tsaro, kuma gidan da aka ajiye shi cikin tulu arziki ba ya yanke masa. Masana ruwa, don Allah a ina ayu ke yin ƙwai, a wane lokaci, kuma yaya ake gane na gaskiya?

Baba Mai Koma, Lere:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ayu ba ya ƙwai ko kaɗan, haihuwa yake yi. Macen tana ɗaukar ciki kamar shekara guda ko fiye kaɗan, ta haifi ɗa ɗaya cikin ruwa mai tsawon kusan mita 1, ta tura shi sama ya shaƙi iska. Nononta biyu suna hammata, a gindin hannuwan da take iyo da su. Wanda ya hango ta da almuru ta ɗago kai da ɗa manne a gefenta, shi ke komawa gida ya ce ya ga mace a ruwa, kuma ana cewa daga nan labarin 'yar ruwa ya taso. Aljanu gaskiya ne, ba mu musu, amma wannan dabba ce mai cin ciyawa.

Mazauninsa a nan shi ne tabkin Lere da na Tirene a ƙasar Chadi, inda kogin Mayo Kebbi ke ratsawa kafin ya shiga Kamaru ya haɗu da Binuwai a gabashin Garwa. Yana son ruwa mai kwanciya da ciyawar bakin gaɓa. Da damina ya bi ambaliya ya yi kiwo, da rani ya koma gurbi. Alamarsa ciyawar da aka datse tana yawo a kan ruwa, da ƙarar numfashi da dare. Tun 1974 aka keɓe gandun namun daji na Binder-Lere, kuma kashe ayu laifi ne a Chadi da Kamaru. Mace kan yi shekaru kafin ta sake haihuwa, shi ya sa ko guda aka rasa a raga, asarar babba ce.

Malam Likitan Dabbobi, Marwa:
Baba ya gama magana a kan ayu. Saura ƙwan da ke hannun mai magani, wanda galibi na kada ne. Malam, ka auna: tsawon santimita 7 zuwa 8, nauyi wajen giram 100, ɓawo mai tauri, bakinsa biyu kusan daidai, ba kamar na kaza mai tsini gefe guda ba. Ba a ƙarƙashin ruwa ake samunsa ba, domin ɗan da ke ciki ta ɓawo yake numfashi, ruwa ya rufe gurbin ya mutu. Uwar takan haƙa rami kamar rabin mita a yashin gaɓa bayan ruwa ya janye, ta zuba ƙwai da dama, ta binne, ta zauna kusa tana gadi har kusan wata 3. Idan 'ya'yan suka fara kuka cikin ɓawo sai ta tone su. Nan ne masu satar ƙwai ke gamuwa da ita.

Ka haska shi da tocila cikin duhu. Sabon ƙwai mai rai yana da farin ɗamara a tsakiya, daga baya jijiyoyin jini su bayyana. In an jujjuya shi a hanya ɗan ya riga ya mutu, don yana manne ne a ɓawo ta sama. In kuwa haske bai ratsa ba kuma nauyin ya kai giram 250, dutsen kogi ne aka goge. Ƙwai zagayayye mai tauri da bai kai na kaza ba, na kififiya ne. Mai laushi da ke lotsawa in an danna, na guza ne ko mesa. Guza ma cikin suri take sakawa, gara ta liƙe ƙofar.

Ɗan Garwa:
Allah ya saka da alheri. To ba wani abin ruwa da ke yin gurbi a cikin ruwan kansa?

Hajiya Mai Banda, Kuseri:
Akwai mana, ƙanena, kifin da ake kira yauni. Idan kogin Logon ya cika ya malala cikin fadama, yauni kan tattara ciyawa ya yi sheƙa mai yawo a kan ruwa, ya zuba ƙwai wajen 1,000 masu ruwan zuma, kowanne kusan santimita 1. Cikin 'yan kwanaki suke ƙyanƙyashewa, kuma uban gadi yana cizo ba wasa. Wannan ba ya ajiyuwa, yini guda a waje ya narke. Wani abin da ake yaudarar mutane da shi kuma dunƙulen laka ne mai gaiwa a ciki: ruwa na ƙafewa sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar ƙaramar kafar iska. A jiƙa dunƙulen, kifi ya fito da rai, 'yan kallo su ce ƙwai ya fashe.

Kuma kada a kuskura a sa ƙwan kada a tulun ruwan sha. Ruɓewa yake daga ciki, iska ta taru ta tsage ɓawon, ruwan ya gurɓace, yara su kama gudawa. Wanda ya riga ya sa, ya zubar da ruwan, ya binne ƙwan nesa da rijiya, ya wanke tulun da sabulu da tafasasshen ruwa, ya shanya shi a rana kafin a sake zuba na sha.