Gwagwarmayar lumana: ƙarfi ce ko tsoro ne aka yi wa ado?

Ɗan Yelwa: Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Na ji cewa Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a nan Bauchi, ya ɗauki darasin gwagwarmayar lumana daga Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya. To a doki mutum ya ƙi ramawa, ta yaya hakan zai karya azzalumi?

Malam na Jahun: Wa alaikumus salam, ɗana. Mai mulki ba da hannunsa biyu yake mulki ba. Da hannun direba yake yi, da mai karɓar haraji, da ɗan kasuwa. In suka janye hannu, sai ya tsaya cik. A Montgomery ta Amurka, daga Disamban 1955, baƙar fata sun ƙi hawa bas kwana 381 saboda wariyar launin fata da ake musu a ciki. Ba zama suka yi ba: sun haɗa motocin junansu suna kai mutane aiki, wasu suka taka a ƙasa, har kotu ta soke wariyar. Sharaɗin ɗabi'a kuma, da zalunci kake faɗa, ba da mutumin ba. In ka karya doka marar adalci, a fili za ka karya, ka karɓi hukuncin. Haka Gandhi ya ɗebi gishiri a Dandi, bakin teku a Indiya, ran 6 ga Afrilun 1930, a idon duniya, ya karya dokar Turawan mulki da ta hana hakan.

Hajiya ta Wunti: Malam ya yi gaskiya, amma ƙanena, wurin da abin ke lalacewa shi ne tarbiyyar taro. A Chauri Chaura ta Indiya a 1922, masu zanga-zanga suka ƙona ofishin 'yan sanda, aka rasa rayuka sama da 20, Gandhi ya dakatar da gwagwarmayar ƙasar baki ɗaya. Dutse ɗaya ya isa ya ba hukuma hujja. Shi ya sa Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar baƙar fata a Amurka, ya jera matakai huɗu: tattara hujja, zaman sulhu, horar da kai, sannan fita. A Nashville ta Amurka sai da ɗalibai suka yi atisaye, ana zaginsu ana ture su, har suka saba. Buƙata ta zama ɗaya tak, mai yiwuwa. A sa masu kula da sahu da alama a hannu. In wani ya ɗauki dutse, kowa ya zauna a ƙasa, shi kaɗai zai rage a tsaye. A watse kafin magariba, don duhu na ɓata-gari ne.

Baba na Bakin Kura: Batun tsoro kuwa, duba Abdul Gaffar Khan, abokin gwagwarmayar Gandhi. Musulmi ne, Bafatane (wato Pashtun), daga ƙabilar da ba ta yafe jini. A 1929 ya kafa rundunar da ba ta riƙe ko wuƙa. Ran 23 ga Afrilun 1930 a Peshawar (Pakistan ta yau) sojojin Ingila suka buɗe musu wuta, suka tsaya ba su rama ba. Hujjarsu haƙurin Annabi (SAW) a Makka. Sai dai jikana, kada a ɓoye maka, ana mutuwa a wannan hanya, kuma ba kullum ake cin nasara ba.